Yana aji huɗu bai iya karatun boko ba, amma allonsa da kansa yake biyawa

Assalamu alaikum Hajiya. Ni mazauniyar Aboabo ce a nan Kumasi, waakye, wato shinkafa da wake, nake sayarwa da safe. Ɗana na fari shekararsa 10, yana gama aji huɗu na firamare, amma har yau in kika ba shi littafin Turanci sai ya yi ta kallon ƙasa. Sakamakon wannan zangon ya fito, yana can kusa da ƙarshe. Madam ɗinsu ta ce lallai ya shiga kilasis na dogon hutu, in ba haka ba zai maimaita aji, kuma kuɗin da suka yanka ya kusa ribata ta mako biyu. Babansa makanike ne a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, ya ce asarar kuɗi ce, kan yaron ba na boko ba ne, gara ya riƙa binsa gareji. Kakarsa ta ce a kai shi wajen malam a yi masa rubutun buɗe ƙwaƙwalwa. Ƙanwarsa 'yar aji biyu ta fara karanta rubutun jikin mota, shi kuwa kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Abin da ya ɗaure mini kai, a makarantar allo yabonsa ake yi, ya wuce izu uku, allonsa da kansa yake biyawa. Ni aji uku na tsaya. Na yi faɗa, na yi duka, na gaji. In biya kuɗin ne ko in bar wa babansa?

Wata uwa daga Aboabo

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Maganar da kika ajiye can ƙarshen wasiƙarki, da ita zan fara, domin ita ce ta fi komai nauyi a wurina. Kin ce yaron nan yana biya allonsa da kansa. Ki tsaya ki duba abin da hakan ke nufi. Ya koyi cewa wannan baƙin da ɗigo ɗaya a ƙarƙashinsa, in an sa masa wasali bisa "ba" ne, wasali ƙasa "bi", rufu'a "bu". Ya koyi haɗa shi da baƙin da ke binsa, daga dama zuwa hagu, cikin harshen da ba a magana da shi a gidanku. To karatu ke nan, babu wani abu daban da ake kira karatu. Kan da ya ɗauki wannan ba za a ce masa daƙiƙi ba, kuma ina roƙonki, daga yau kada a sake faɗin kalmar a gabansa.

To me ya sa boko ya gagara? Ki tuna yadda malam ya bi da shi. Babbaƙu tukuna, sai da suka zauna aka shiga farfaru, kuma ba a wanke allo sai yaro ya biya an ji. A boko kuwa zango ne ke wanke allo. Wata uku suka cika, an wuce, ko yaro ya kama ko bai kama ba. Ɗanki a wani wuri cikin aji ɗaya ko aji biyu wani abu ya kuɓuce masa, aka wanke, aka rubuta sabo a kai, aka sake wankewa. Yanzu ga shi a aji huɗu ana ba shi labari mai shafi biyu da tambayoyi a ƙasa, alhali babbaƙun boko ba su gama zama ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A gwajin karatu na EGRA da aka yi wa 'yan aji biyu na makarantun gwamnati a faɗin Ghana a 2013, aka sake a 2015, kusan rabin yaran ko kalma ɗaya ba su iya karantawa ba, waɗanda ke karatu tiryan-tiryan suna fahimta kuwa ba su wuce biyu cikin ɗari ba. Namu yaran Zango da ƙarin kaya a kansu. Tsarin ƙasa shi ne a fara koya wa yaro karatu da harshen yankinsa, a Kumasi ke nan Asante Twi, kafin Turanci ya karɓi ragama. Hausa ba ya cikin harsunan da aka ware don wannan aiki. Sai ka ga yaro ya tashi da Hausa a gida, Twi a aji da kan layi, Turanci a littafi, Larabci da yamma. Harshe huɗu a kan yaro ɗan shekara shida, kuma wanda yake mafarki da shi ne kaɗai ba a taɓa nuna masa a rubuce ba. Wasu yaran suna tsallakewa. Da yawa sukan tsaya a hanya su yi shiru, shirun nan kuma shi ne muke fassarawa da rashin kai.

Kafin ki fitar da ko sidi ɗaya, ki gano daidai inda karatunsa ya tsaya. Wannan aikin minti goma ne, kuma aji ukun da kika yi ya isa ki fara shi. Ki sami takarda, ki rubuta haruffa goma a warwatse, ba a jeren A, B, C ba, domin jeren waƙa ce, kowane yaro ya haddace ta. Ki nuna ɗaya bayan ɗaya. In ya wuce, ki rubuta gajerun kalmomi biyar. In ya wuce, a samo littafin aji ɗaya ya karanta layi huɗu. In nan ma ya wuce, a ba shi ɗan labari daga littafin aji biyu, a tambaye shi da Hausa me ya faru a ciki. Inda ya fara tuntuɓe, nan ne ajinsa na gaskiya a karatu, ko da rigar aji huɗu ce a jikinsa. In kin ga matakan ƙarshe sun fi ƙarfinki, ki kira wata babbar yarinya a maƙwabta ta tayaki. Kada ki sa ƙanwarsa, kada ma ta kasance a ɗakin.

Kada kuma ki yi gwajin da littafin ajinsu. Na koyar a firamare shekaru masu yawa, kuma har yau ina tuna wata yarinya 'yar aji uku da nake sa wa a sahun masu ƙoƙari. In na ce ta tashi ta karanta, sai ta zubo shafi guda babu gargada. Wata rana na tsaya a bayanta, sai na ga yatsarta tana layi na biyu, bakinta yana layi na biyar. Na rufe hoton da ke saman shafin da tafin hannuna, na nuna mata kalma ɗaya a tsakiya. Ta dubi kalmar, ta ɗago ta dube ni, idonta ya ciko. Sauraron 'yan ajin take yi, ta haddace shafi, hoton kuma shi ke gaya mata wane shafi ne. Zango biyu tana gabana ban sani ba. Yaro mai kaifin hadda ya fi kowa iya ɓoye rashin karatu, yaran makarantar allo kuwa hadda ce sana'arsu. Don haka ma allon nasa ki gwada: ki nuna masa aya daga tsakiya, ko malam ya buɗe masa surar da bai kai ba. In ya ja ta ko da a hankali, kin sami tabbacin abin da na faɗa. In ya kasa, to can ma hadda ce, sai ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu batun kilasis. Ba na cewa Madam tana neman kuɗinki ne kawai. Ta ga yaro a baya, ta faɗi abin da makaranta ke da shi. Amma mafi yawan karatun hutu da na gani, abin da ake yi shi ne a tara 'yan aji ɗaya wuri ɗaya a fara musu darasin zangon farko na aji mai zuwa. Malami ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, a tashi da azahar. Ga yaron da ya iya karatu, wannan riba ce, zai shiga sabon aji da ƙafar dama. Ga ɗanki, ƙarin mako biyar ne na zama a bayan aji yana zana haruffan da bai san me suke cewa ba. Za ki ga littafinsa cike da rubutu mai kyau ki ɗauka kuɗinki ya yi aiki. Kwafa ba karatu ba ce.

Ki shirya ki je makarantar da kanki, ba da faɗa ba, da takardar gwajin nan a hannunki. Ki gaishe da Madam, ki nuna mata inda ya tsaya, ki tambaye ta: a kilasis ɗin nan za a raba yara gwargwadon inda karatunsu ya kai ne, ko kowa da ajinsa? Yara nawa ne a gaban malami ɗaya? Kullum zai sami wanda zai zauna ya ji shi yana karantawa da baki? In ta ce akwai rukuni na musamman na masu koyon haruffa da haɗa su, yaran ba su da yawa, kuma ba a riƙe bulala, ki biya, kuɗin bai tafi a banza ba. In ta ce littafin aji biyar za a fara, ki yi mata godiya, ki ce za ki nema masa mai koya masa a gida, ki roƙe ta ta sake gwada shi in an koma a Satumba kafin a yanke maganar maimaita aji.

Wannan rabawar da nake nacewa a kai an gwada ta a ƙasar nan. Wajen 2010 zuwa 2013 an yi wani shiri mai suna TCAI a ɗaruruwan makarantun firamare, da hannun hukumar ilimi ta GES da ƙungiyar malamai ta GNAT. Aka ɗauki matasan unguwa da suka gama sakandare, aka ba su ɗan horo, aka ba su yaran da suka fi kowa rauni su koma da su tushe na ɗan lokaci a rana, kuma karatun yaran ya ɗaga. Dabarar daga Indiya ta samo asali, wajen wata ƙungiya mai suna Pratham, wadda ita ma ta yi ta amfani da lokacin hutu don irin wannan aiki. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, ba sai mai digiri ba. A layinku ba za a rasa yarinyar da ta gama babbar sakandare (SHS) tana zaune a gida ba, ko ɗalibin kwalejin horon malamai da ya zo hutu. Ki zaɓi mai haƙuri a kan mai yawan Turanci. In kun haɗu ku uku ko huɗu masu irin wannan damuwa, kowa ta kawo kaɗan, kin ga nauyin ya ragu, yaron kuma ya ga ba shi kaɗai ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga yadda zan so a bi da shi. Minti talatin zuwa arba'in a rana, kwana biyar a mako, lokaci ɗaya kullum, bayan ya ci abinci. Awa uku ranar Asabar ba ta kai wannan ba.

Makon farko a fara da Hausa. Na san za ki ce ai Turanci ake nema, amma ki bi ni. A rubuta masa b, a sa a, i, u a gabanta, a ce masa: ka ga wannan, farfaru ne irin na allonka, sai dai a boko wasalin ba ya hawa bisa ko ƙasa, gefe yake zama. Ba, bi, bu. Ka, ki, ku. Daga nan baba, kaka, kifi, gida, koko, tuwo. Rubutun Hausa ba ya yaudara, abin da aka rubuta shi ake faɗa, kuma duk kalmar da ya haɗa ya san ma'anarta nan take. Na sha ganin fuskar yaro a ranar da ya haɗa "tu" da "wo" ya ji tuwo ya fito daga bakinsa. Sai ya sake dubawa, kamar wanda ya tsinci kuɗi. Wannan ranar ita ce ake nema, sauran duk gini ne a kanta. Sunayen unguwanninmu ma haka suke da sauƙi: Ta-fo, A-dum, Ban-ta-ma, A-sa-wa-se.

Sannan a shiga Turanci, kuma a nan mai koyarwar ta kiyaye abu ɗaya: sautin harafi za ta koya masa, ba sunansa ba. Yawancin yaranmu an koya musu "si, e, ti", sai a ce wai kyanwa ce, "kat". Ta ina si da e da ti suka zama kat? Babu hanya, dole yaro ya haddace, kuma kalmomin Turanci sun fi ƙarfin hadda. Amma in ya san cewa harafin farko "k" yake cewa, na biyu "a", na uku "t", da kansa zai ja su su haɗu. A fara da haruffa shida, s, a, t, i, p, n, domin daga su kaɗai ana samun kalmomi da dama irin su sat, pin, tap, sit. Sai sun zauna a ƙara wasu. Turanci yana da kalmomin da ba sa bin ƙa'ida, waɗannan a riƙa ba shi biyu ko uku a mako ya riƙe su da ido. Ƙa'idar malamin allo za a bi: ba a wankewa sai ya biya.

Minti goma na ƙarshe a karanta masa labari, shi yana saurare yana kallon shafi, a tsaya a fassara masa da Hausa, a tambaye shi me yake gani zai faru. Fitar da kalma daga takarda abu ɗaya ne, sanin ma'anarta wani abu ne, kuma yaron da ba ya jin Turanci a gida yana bukatar duka biyun. Littattafan su zama na ƙananan yara, masu manyan haruffa. Ana samun na hannu da araha a Kejetia da Adum, akwai kuma ɗakin karatu na yankin Ashanti a harabar Cultural Centre a Bantama, da sashen yara. In yana jin kunyar a gan shi da littafin 'yan aji ɗaya, a naɗe bangon da takardar siminti ko tsohuwar kalanda. Ƙaramin abu ne, amma ɗan shekara goma mutuncinsa yake karewa.

Cikin makon nan kuma ki ɗauki katinsa na inshorar lafiya (NHIS) ki kai shi a duba masa ido da kunne, ko a asibitin Manhyia da ke kusa da ku, ko Komfo Anokye. Yaron da ba ya ganin allo sosai daga baya bai san haka ba, yana ɗauka kowa haka yake gani. Ki faɗa musu ciwon cikin ma. Amma ki lura: yana ciwo ranar Asabar? In ba ya yi, to tsoro ne, kuma ciwon tsoro ciwo ne na gaske, ba ƙarya yake miki ba. Yana tashi ne da sanin cewa yau ma za a ce ya miƙe ya karanta, a yi masa dariya.

Shi ya sa dukan nan, 'yar uwa, a ajiye shi gaba ɗaya. Ban ga laifinki ba, gajiya ce da tsoron gobensa. Amma bulala tana sa yaron da ya iya abu ya ƙi yi ya yi. Wanda bai iya ba, abin da take koya masa shi ne canki-canki da ɓoyewa. GES kanta ta hana duka a makarantu tun 2017. Haka kwatanta shi da ƙanwarsa, ko da wasa, ko daga bakin baƙi. Ita ma ki ja mata kunne kada ta riƙa gyara masa.

In an yi makonni shida ana wannan aiki da gaske, ido lafiya, kunne lafiya, amma sautin da ya koya jiya yau ya ɓace, ko kuma kin gano cewa allon ma hadda ce, to akwai yiwuwar yana da wahalar karatu ta musamman, wadda ake kira disleksiya. Ba taɓin hankali ba ce, ba kuma rashin basira ba. Masu ita suna koyon karatu, sai dai suna bukatar maimaici mai yawa da hanya mai tsari. A nan sai ki nemi jami'in ilimi na musamman a ofishin ilimi na Asokore Mampong, wanda Aboabo ke ƙarƙashinsa, ya nuna miki inda za a auna shi.

Maigidanki kuwa, kada ki tunkare shi da cewa bai damu da ɗansa ba. Ya damu. Ya ga yaro yana shan wahala a wuri ɗaya, yana so ya kai shi inda shi ya san hanya. Sana'ar Magazine ba abin rainawa ba ce, ta riƙe gidaje dubbai a garin nan. Amma shi ya fi ni sanin yadda aikin ya canza. Motocin yanzu sai an jona musu na'ura ta rubuto abin da ke damunsu, da Turanci. Kayan gyara da lamba ake odarsu. Kuɗin aiki ta MoMo, wato ta waya, yake shigowa, kuma wanda bai iya karanta saƙon ba kullum yana hannun wani. Ki tambaye shi a natse, cikin yaran garejinsu wa ake miƙa wa na'urar in ta rubuto. Dokar yara ta 1998 ma ta sa shekara 15, ko gama karatun tushe, kafin a ɗauki yaro koyon sana'a. Ranar Asabar ya bi babansa, ya miƙa sifana, ya ga aiki, wannan babu laifi, zai ma ƙara masa jin cewa shi ma wani ne. Ki ba baban aiki ɗaya: a hanya, duk motar haya (trotro) da ta wuce, yaro ya karanta masa abin da ke jikinta. Uban da ya ji ɗansa ya haɗa "Ban-ta-ma" da kansa, ba sai kin sake yi masa dogon bayani ba.

Kaka kuma a bar ta da addu'arta, a ce mata an gode, a roƙe ta ta ƙara. Mu duka da addu'ar iyaye muka tashi. Sai dai kada kuɗin mai koyarwa ya tafi can, kuma kada a riƙa faɗa a gaban yaro cewa an rufe masa kai, don kada ya yarda.

Ba zan yi miki alƙawarin hutu ɗaya zai mayar da shi ɗan aji biyar a karatu ba. Abin da aka yi shekara uku ana binnewa ba ya fita a mako shida. Abin da nake sa rai, in a haruffa ya tsaya, ya koma makaranta yana haɗa kalmomi. In a kalmomi ya tsaya, ya koma yana jan gajerun layuka. Don haka ki yi ciniki da mai koyarwar tun yanzu cewa in an koma za ta ci gaba, ko sau uku a mako. Maimaita aji ma kada ya firgita ki. In har karatun gida yana tafiya, shekara ɗaya a aji huɗu yana fahimtar abin da ake yi ta fi masa shiga aji biyar a makance. In kuwa maimaitawa ce kawai, benci ɗaya, hanya ɗaya, babu abin da ya canza, to shekara ce za a ƙara masa ta kunya.

Yau da dare, bayan kin gama jiƙa waken gobe, ki kira shi shi kaɗai. Ki ce ya ɗauko allonsa ya biya miki, ki saurara har ƙarshe. Sannan ki gaya masa cewa bokon ma babbaƙu da farfaru ne, an yi masa gaggawa ne a baya, yanzu za a koma a bi a hankali, kuma babu mai dukansa. Gwajin takardar ki bar shi sai gobe. In kin yi, ki rubuto mini ki faɗa mini a wane mataki ya tsaya da haruffan da suka ba shi wuya, zan tsara wa mai koyarwar aikin makonni biyu na farko.